Bajin da Ta Naɗe da Leda

"Umma, Abba ne ke dukanki? Kullum idonki jajir."

A gaban surukarta yaron ya yi tambayar, har tsohuwar ta ajiye cokali. Ba duka ba ne, gam ne. Shekara uku ke nan tana tsaye bakin injin matse falanki a kamfanin katako, inda tururin gam ke cin ido yana kankare maƙogwaro. Yanzu ga ciki wata huɗu. Ta roƙi a mayar da ita ɓangaren ɗaure kaya, manaja ya ce sai an auna iskar wurin tukuna.

Ranar Talata mai awo ta zo, ta maƙala mata wani ɗan baji kamar murfin kwalba a kwalar riga, dab da hanci.

"Takardar nan rawaya da ke ciki ita ke kama gubar gam ɗin," in ji ta. "Awa takwas zai yi a jikinki, sannan mu kai shi ɗakin gwaji. Ki kula min da shi, yaya."

Tana fita, Doguwa mai shafa gam ta leƙo. "Iye, an ba Hajiya lambar girma! To bari gam ya ɗiga a kai, ki ga yadda za a tsige miki ita."

A ɗakin nan komai da leda ake naɗe shi: waya, agogo, har zobe, don gam in ya kama abu ba ya saki. Bajin nan kayan mutane ne, amana kuma aka ba ta. Ta yago leda ta naɗe bajin tsaf, ta ɗaure da roba. Ta wuni tana hawaye da tari. Dab da tashi ta kwance ledar, ta miƙa shi fes.

Bayan sati biyu manaja ya kira ta, yana kaɗa takarda.

"Malama, iskarki ta fi ta ofishina tsabta. Kusan babu komai."

Sai a lokacin ta gane abin da ta yi. "Ranka ya daɗe, na rufe shi da leda ne. A sake awon, don Allah."

"Ni leda ban gani ba, hatimin ɗakin gwaji na gani. Sai baɗi kuma."

Baɗi! Ta dafa cikinta, ta koma bakin injin. Doguwa ta jiƙa hankici ta miƙo mata, ba ta iya haɗa ido da ita ba.

Ke da za a maƙala wa irin wannan baji wata rana, kada ki tausaya masa. Kada ki rufe shi, kada ki tura shi cikin riga, kada ki yarda a matsar da ke bakin taga ranar awo. Ki bar shi ya shaƙi duk abin da kike shaƙa, don takardarsa za a karanta, ba jan idonki ba.