Bidiyon da Mama Ta Rame

Mijina mai ɗaukar bidiyo ne, kuma tun da muka yi aure Mamata ba ta taɓa yarda sana'a ce ba. In aka tambaye ta me surukinta yake yi, sai ta ce, "Yana bin mutane da kyamara." Abin yana ci masa rai, ko da yake ba ya faɗa.

Da ta buɗe sabon shagon ɗinki, shi ya ɗauki komai: kekunan ɗinki a jere, Mama tana yanka kintinkiri, Baba a gefe riƙe da jakarta. Washegari ina ɗan ofishinsa, sai ta faɗo ba sanarwa, ta zauna a kujerar baƙi, ta miƙa waya. Ƙanwarta za ta hau mota, Mama tana so ta nuna mata bidiyon kafin ta tafi.

Matsalar ita ce abin da kyamara ke ɗauka ba ya buɗewa a waya, sai an juya shi a kwamfuta zuwa wani tsari mara nauyi, kuma juyin kirki yana cin lokaci. Mama kuwa ba ta san jira ba. Tana kaɗa ƙafa, shi yana gumi. Sai ya danna juyi mafi sauri, bai duba faɗi da tsayin hoton ba, ya tura mata.

Hoton ya matse daga gefe da gefe. Mama, wadda Allah ya yi wa jiki masha Allah, ta fito siririya doguwa. Baba, da dama ba auki gare shi ba, ya koma kamar sandar tsintsiya.

Mijina ya buɗe baki zai ba da haƙuri, na taka masa ƙafa.

Mama ta kalla, ta mayar baya, ta sake kallo. "Ikon Allah," in ji ta. "Yau dai an samu wanda ya ɗauke ni yadda nake. Duk sauran masu hoton nan kumbura mutum suke yi. Yaron nan ashe ka iya aiki."

Wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa, ni ma na ji daɗi har raina. Amma mijina yana da ciwon gwaninta. Da yamma ya zauna ya yi juyin a tsanake, kowa ya koma girmansa na gaskiya, ya tura mata ba tare da ya shawarce ni ba.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Wannan na biyun ya lalace," in ji Mama, muryarta a sanyaye. "Ko dai na farkon ne ba daidai ba?"

Ya dube ni. Na ci gaba da ninke kaya, ban taimake shi da komai ba. Sai ya amsa mata:

"Na biyun ne, Mama. Na yi gaggawa wajen juya shi. Ki goge shi kawai."

"Ai na sani. Ka riƙa natsuwa, ɗana."

Yana ajiye waya wani kiran ya shigo. Baba ne, yana magana ƙasa-ƙasa daga bayan gida.

"Ka bar ta yadda take a ciki, kar ka taɓa ta," ya ce. "Ni dai in da hali, a ɗan ƙara mini faɗi."