Keken Yaya Ba Igiya

Kai ma ka je dubiya, ko wurin yayata ko wurin wata irinta. Ka ajiye ledar lemo, ka ce "Allah ya ƙara sauƙi, ki dai huta." Da ta miƙe za ta raka ka, ka ga ta dafa bango, ka ga silifas ya zame daga ƙafarta ba ta ma sani ba, sai ka mayar da ido kan wayarka. Na san haka aka yi, don ni ma haka na yi wa yayata wata biyu cur.

Yaya tela ce. Shekara goma sha ɗaya tana taka keke a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu. Da aka gano ciwon daji a nononta, aka yi aiki, aka fara ƙara mata ruwan magani duk bayan mako uku, mun shirya wa amai, mun shirya wa zubar gashi. Ba wanda ya yi tunanin ƙafafu. A zagaye na uku ta ce kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarta. Daga baya ta ce kamar auduga take takawa. Sai yatsun hannu suka bi sahu. Ran nan tana ɗinka wata farar riga, allura ta shige ta a yatsa, ba ta ji ba sai da ta ga jini a yadi.

A ranar mijinta, direban motar makaranta, ya cire igiyar keken ya jefa ƙarƙashin kujerar motarsa. Inna, mahaifiyarmu, ta tattaro kayanta ta tare a gidan. Aka kafa doka: Yaya ba ta ɗaukar ko cokali. Daga gado sai kujera, daga kujera sai gado. Mu kuma muna ta yaba wa kanmu, wai mun iya jinya.

Sai da ta faɗi a banɗaki likita ya tura mu sashen gashi da motsa jiki. Wata gajeriyar ma'aikaciya da kowa ke kira Sista ta sa ta haɗa ƙafafu ta rufe ido. Ko ƙirga biyar ba a yi ba Yaya ta tafi luu, na tare ta.

"A gida me take yi?" in ji Sista.

Inna ta gyara zama, da alfahari. "Ba ta komai, 'yar nan. Ko ruwa ni nake miƙa mata."

"To Inna, saura kaɗan ku zaunar da ita gaba ɗaya."

Sista ta dubi Yaya. "Maganin ne ya taɓa jijiyoyinki. Ba zan ce miki motsi zai goge abin kamar alli a allo ba. Amma zaman nan ƙarfin ƙafar yake cinyewa, kuma shi zai sa ki sake faɗuwa." Ta nuna mata tsayuwa da ƙafa ɗaya riƙe da bayan kujera, da ɗaga dunduniya, da tafiyar minti goma cikin rufaffen takalmi, da tsintar maɓallai daga faranti. Da ta ji sana'arta, sai ta ce, "Keken ƙafa gare ki?"

"Gare ni, amma an cire igiyar."

"Madalla da wanda ya cire! Ki taka shi haka nan, minti biyar safe da yamma. Allura ba za ta motsa ba, idon sawu zai motsa."

Muna isa gida Inna ta lulluɓe keken da zane, ta ja kujera ta zauna a gabansa kamar mai gadi. Mijin Yaya ya dawo daga ɗauko yara, na miƙa masa takardar Sista. Ya karanta, ya ninke.

"Lauya," haka yake kirana tun ina sakandare, "in ta sake faɗuwa, ke za ki ɗaga ta ko takardar? Ni na ɓalle ƙofar banɗakin nan. Ni na ɗauko ta."

"Ai ɗaukar taka ce ta yi yawa, Yallaɓai."

"Bakinki ya fi ki girma," in ji Inna. "Mace na fama da ranta, ku ce ta yi tsayuwar zakara?"

Na buɗe baki zan zazzage musu abin da na karanta, sai Yaya ta ɗaga hannu. Mun manta tana wurin. Wata biyu muna magana a kanta, ba da ita ba.

"Baban yara, lokacin dogon hutu, me ya sa kake zuwa tayar da motar nan duk bayan kwana biyu, alhali ba yaro ko ɗaya da za ka ɗauka?"

"Batir zai mutu mana."

"To ni ma wata biyu ba a tayar da ni ba."

Yaya ta dafa hannun kujera ta miƙe. Inna ta zabura, mijin ya ce, "Inna, ƙyale ta." Taku shida ne zuwa keken, ta yi su da bango. Ta yaye zanen da kanta, ta ɗora ƙafafu a feda, tana kallonsu don ba ta jin inda suke. Babbar tayar ta juya, fayau, ba ɗinki. Inna ta fita tana goge ido, tana cewa mu duka ba mu da tausayi.

Ba kullum aka yi nasara ba. Kwana biyun da ke bin ƙarin ruwa ko zama ba ta iyawa, kuma Sista ta ce a bar ta. Amma sauran kwanakin ta taka. Mijinta ya koyi tsayawa a hagunta, hannu a buɗe, ba ya taɓa ta. Inna ce ta koma mai ƙirga maɓallai, har tana tsegumi in an yi mata ha'inci.

Mako na bakwai, kiyashin bai bar tafin ƙafar Yaya ba, amma ta tsaya da ƙafa ɗaya har Inna ta ƙirga ashirin. Ta zura zare a allura a gwaji na huɗu. Ta ce, "Baban yara, igiyata."

"Tana mota. Motar kuma tana ƙarshen layi." Ya miƙa mata makulli. "Ni na gaji, Madam Tela."

Ta sa takalminta ta ɗaure. Na bi ta a baya, taku biyu tsakaninmu, har ta buɗe ƙofar motar da hannunta.

Akwai wata a danginku ko a layinku da aka zaunar saboda ƙauna. Ka je yau. Ka tambaye ta ko tana jin yatsunta. Ka raka ta asibiti, ka tambayi likitanta wane motsi ya dace da ita, kada ka fito sai an rubuta. Gobe da safe ka koma, ka tsaya a gefenta, ka bar ta ta taka da ƙafarta.