Murfin Taga a Kan Bahar Maliya

Hajja Kaka ta Roni ba ta mance alheri, ba ta kuma mance raini. Shekarar da ɗanta Halliru ya biya musu Umara, ita da shi da matarsa Bahijja, sai ta ji wai kujerar taga a jirgi ta Bahijja ce. Ta sa wannan a layin raini.

Ba kuma don ba ta san dalili ba. A gabanta aka yi, ranar da suka je Gwiwa sallama da Fatu, mahaifiyar Bahijja, wadda ciwon ƙafa ya zaunar shekara da shekaru. Fatu ta riƙe hannun 'yarta ta ce, "Ni ban son tsaraba. An ce jirgi ta kan Bahar Maliya yake bi, inda Fir'auna ya nutse. Ki duba min shi da kyau, ki zo ki faɗa min yadda yake." Shi ya sa Halliru ya sa aka zaɓa mata kujerar da fiffike bai tare ba.

Da suka shiga jirgi a Kano, Bahijja ta rusuna. "Inna, bismilla, ga wajen taga."

Tayin kunya ne, kowa ya san amsarsa: a'a 'yar nan, zauna abinki. Hajja Kaka ta fi kowa sani. Amma ta tuna ba ita aka fara tambaya ba, sai ta tattare zani ta wuce ta zauna daram.

"Inna, ai..." in ji Halliru.

"Ai me? Ita ta yi min tayi. Kai kuma ɗan sandan taga ne?"

Bahijja ta zauna a tsakiya.

Jirgi ya ɗaga. Hajja Kaka ta leƙa sau ɗaya, ta ga gidaje sun koma kamar an watsa gero a tsakar gida. Ta ja murfin tagar ta rufe ruf, ta lulluɓe da mayafi. Matar da dillalan kasuwar Babura ke shakka, ita ce za ta ce tsoro take ji a gaban suruka? Gara a ce barci ya ɗauke ta.

An ci abinci, an kwashe. Can sai jirgi ya ɗau kabbara. "Ga Maliya! Ikon Allah!"

Hajja Kaka idonta biyu. Ta ji numfashin Bahijja kusa da kafaɗarta, ta ji hannun yarinyar ya miƙo, ya tsaya, ya koma.

"Tashe ta mana," Halliru ya ce ƙasa-ƙasa.

"A'a, bar ta. Ta gaji."

Maganar ta soke ta. Ta ce a ranta yanzu zan buɗe. Amma in ta motsa za su gane barcin ƙarya ne, kuma dole ta sake ganin wannan rami. Bari dai zuciyarta ta ɗan lafa tukuna. Tana wannan jira kabbarar ta yi sanyi.

Ma'aikaciyar jirgi ce ta taɓa ta, ta ce a buɗe taga, za a sauka Madina. Hajja Kaka ta ɗaga murfin da kanta. Baƙaƙen duwatsu, ko ɗigon ruwa babu.

"Ruwan fa?"

"Mun wuce tun ɗazu, Inna," in ji Halliru, bai dube ta ba.

"Ba komai," Bahijja ta ce da sauri. "Na ɗan hango ta tagar can gefe."

Hajja Kaka ta dubi gefen. Kawuna ne cunkus. Yarinyar nan ba ta ga komai ba, rufa mata asiri kawai take yi.

"Komowa ke za ki zauna nan. Ko na roƙe ki kada ki tashi."

"Jirgin komowa cikin duhu zai bi ta nan, Inna," in ji Halliru.

Tayoyin jirgi suka taɓa ƙasa. Sannan ta kama hannun Bahijja.

"In mun koma, ni zan fara shiga wajen Fatu. Ba ke za ki faɗa mata ba."