Rabon Rafi

Ranar da matarsa ta rasu, ruwan rafin yana kawo wa mutum gwiwa. Da safe sun yi aiki tare, da la'asar ta ce kanta na sarawa, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ya zauna ya karɓi gaisuwa kamar mai karɓar saƙon wani.

A cibiyar binciken ruwa Malamin Ƙwari ake ce masa. Rafin daga idon ruwa yake fitowa, a gindin wani dutse, kuma shi da ita sun ƙarar da ƙuruciyarsu suna duba abin da ke rayuwa a ƙarƙashin duwatsunsa: tsutsotsi, 'yan dodon koɗi, da sauran halittu marasa ƙashi waɗanda babu mai tambayar lafiyarsu. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya kafa raga daga ƙasa, ɗaya ya shiga daga sama ya birkita duwatsu da ƙafa, ruwa ya kwaso abin da ya fito ya zuba a ragar. Ita ke shiga. Shi yana tsaye a bakin gaɓa riƙe da doguwar sandar raga, don shi ne mai ido. Babu wanda ya raba musu aikin, haka kawai suka tashi da shi.

Bayan rasuwarta bai sake zuwa rafin ba. Yakan zo ofis, ya zauna gaban madubin ƙara girma ba tare da ya yaye wa madubin riga ba, ya karanta tsofaffin littattafai, lokaci ya yi ya tafi gida. A cikin wannan zama ne hukumar ruwa ta kafa bututu a idon ruwan don wata sabuwar unguwa. Injiniyan aikin kuwa Auta ne, ƙanin marigayiyar, wanda ita ta goya shi.

Wata safiya Auta ya turo ƙofa ba sallama.

"Mijin Yaya, har yanzu gadin kujera ake yi?"

"Ita kaɗai ce ba ta ce in yi haƙuri ba, shi ya sa muke shiri."

Auta ya ɗare kan tebur. "Gobe za mu buɗe bututun gaba ɗaya. An ce min rafinku ya mutu, ba komai a ciki sai gansakuka. In haka ne, ruwan duk namu ne. In da sauran mai rai, dole in bar masa rabonsa. Kai kaɗai za ka iya faɗa."

"Koma wurin wanda ya gaya maka."

"Kai nake tambaya. Ba na so in kashe wa Yaya dabbobinta ban sani ba."

"Aikin na mutum biyu ne."

"Ni bishiya ce?"

Suka tafi. Ruwan ya janye har idon sawu, duwatsu sun fito da kawunansu sun yi fari. Auta ya tuɓe takalmi ya shiga, ya hau watsa ƙafa kamar mai korar kaji, ya ta da laka ta rufe komai.

"Ba rawa na ce ka yi ba. Duga-dugi za ka sa, ka murza."

"Yaya ba ta taɓa cewa da zafi haka ba. Zo ka nuna min, tunda kai ne mai littafi."

Malam ya miƙa masa sandar, ya naɗe wando, ya shiga. Sanyin ruwan ya sare shi har cikin haƙora. Ya sha rubuta cewa ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ba ya ɗumi ko da rani, amma ƙafarsa ba ta karanta ba. Ya murza duwatsun, su ma suka murza shi.

Da suka juye ragar a farin faranti, sai jajayen tsutsotsi da dodon koɗi.

"Ga masu rai nan!" in ji Auta.

"Waɗannan ko a kwata za su rayu. Irin mutanen nan ne da ba sa rasa kowane taro. Masu gidan nake nema, waɗanda sai ruwa na gudu suke numfashi. Da ya lafa, laka ta toshe musu ramuka, shi ke nan."

Suka hau sama, suna gwadawa suna zubarwa, har kusa da idon ruwan, inda rafin ya matse tsakanin duwatsu biyu yana ɗan sauri. Nan faranti ya nuna wani abu kamar guntun tsinke da aka manna wa yashi. Can sai tsinken ya fito da kai, ya ja gidansa ya yi gaba. Kusa da shi wasu masu faɗin jiki sun lafe a jikin tsakuwa.

Auta ya tsuguna ya daɗe yana kallo. "Yanzu wannan ɗan abin ne zai hana unguwa guda wanka?"

"Zai dai rage musu tsawon waƙa a banɗaki."

"Nawa suke so?"

"Ruwa ya rufe duwatsun, kuma ya yi gudu. Ba tafki suke nema ba."

"Za a zage ni a ofis, wallahi."

"Ka saba. A gabana aka fara."

Auta ya hau wurin bututun, ya kama ƙarfen da ake murɗawa da hannu biyu, ya rage abin da bututun ke sha. Malam yana tsaye a cikin rafin don ya ga inda ruwan zai kai. Ya jira ya ji daɗi, bai ji ba. Ruwan ya rufe duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya hau ƙwaurinsa, ya fara tura shi. Ya duba ƙasa ya ga wani jan zare yana fita daga babban yatsansa yana bin ruwa. Bai san lokacin da dutse ya yanke shi ba, don ƙafar ta daɗe da mutuwa.

"Ya isa haka?" Auta ya ɗaga murya.

Ya ɗaga masa hannu. Ya isa. Rafin zai rayu, ƙwarin ba za su taɓa sani ba, ba kuma za su gode ba.

Bai fito ba. A wannan sanyin matarsa ta tsaya duk shekarun nan, da ruwa ya fi haka ƙarfi, tana yi masa hira, shi kuwa idonsa na kan raga. Kullum yana da abin cewa game da ƙwari. Maganar da ba ta taɓa zo masa ba sai yau 'yar gajeruwa ce, ya kuma faɗe ta ga marigayiyar a hankali, ƙarar ruwan ta fi muryarsa:

"Fito haka nan. Yau ni zan shiga."