Kiran da Attahir Ya Sa a Kaset

Attahir ya yi sata, kuma a gidan ubansa ya yi ta. Bai kwance akuyar kowa ba, bai fasa rumbu ba. Kiran rijiya ya ɗauka ya sa a kaset, kuma an gaya masa kada ya yi.

Wanda ya gaya masa wansa ne, Barmo, mai jan ruwa a wata rijiya yamma da Gangara. Rijiyoyin Damargu ba na hannu ba ne. Wannan gaba arba'in ce, sa ke jan ta. Ana ɗaura masa igiya, ya miƙe ya yi ta tafiya, wasaki, wato babban gugan fata, yana hawowa ta kan kurar itace da igiya ke gudu a kanta. In ya iso baki, mai tsaye a kan rijiya ya yi kira, sa ya tsaya ya juyo, a juye ruwa a komi. Wasu sai sun sa mutum ya bi sa da sanda. Barmo ba ya bukata. Jatau, jan san da farin shekarar tamanin da huɗu ya bar masa shi kaɗai, kira yake bi. Kiran kuwa na ubansu ne, dogo, mai lanƙwasa a tsakiya kamar kukan mai kewa: "Hoo-ye, ya isa, komo." Barmo ya gaje shi yana aiki da shi. Attahir ma ya gaji muryar, sai dai ya kai ta Tanut.

A Tanut ya yi shekara shida yana waƙa da wasu samari huɗu masu jita da ganguna. Suna kiran kansu Guguwar Damargu, kiɗansu kuma rok, irin na Turawa. Barmo ya taɓa jin su ran wata kasuwa, ya ce kamar an zuba duwatsu a tukunyar ƙarfe an ba mahaukaci. Bai damu ba. Hayaniya ba ta taɓa kashe saniya ba.

Sai wani direban babbar mota ya kawo wa Attahir kaset na baƙaƙen Amurka, waƙa mai jan rai, a hankali, wai ita sol. Daga nan ya raina abokansa. Ya ce ya gaji da ihu, shi yanzu zuciya zai rera, kuma shi kaɗai. Kafin ya tafi Damagaram ɗaukar murya ya biyo ta gida, ya zauna a gindin komi yana sauraron Barmo tun safe har rana ta take.

"Yaya, ka san abin da ke bakinka kuwa? Wannan ita ce sol ɗin. Su can kwaikwayo suke."

"Abin da ke bakina ƙishirwa ce. Miƙo gora."

"Zan sa shi a kaset."

Barmo ya saki wasaki ya dube shi. "Kiran nan kayan aiki ne, kamar igiya. Ka taɓa ganin na yi shilo da igiya? Ka bar shi inda Baba ya bar shi."

"To, Yaya," in ji Attahir. Irin "to" ɗin da mutum ke yi in ya riga ya gama shawara.

Bayan wata huɗu, cikin bazarar tamanin da shida, ya dawo. Ya sauko daga mota da gashi tuli kamar sheƙar shamuwa, riga a buɗe har cibiya, da rediyo mai cin kaset rataye a kafaɗa. A jikin kaset ɗin hotonsa ne shi kaɗai, ya dafe kunci kamar mai ciwon haƙori. Raishatu, matar Barmo, ta juya hoton sama da ƙasa.

"Ƙanen miji, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Soyayya ce."

"Allah ya sawwaƙe. Ina sauran 'yan guguwar?"

"Na wuce wurin."

A tsakar gida ya kunna. Waƙa ta uku ta wata budurwa ce da ta tafi ta bar masoyinta, ana ta lallashinta da kiɗa mai sanyi. Can sai kiɗan ya ɗauke, murya ta tashi ita kaɗai, doguwa, da lanƙwasar nan a tsakiya. Barmo ya ajiye ludayin fura. A bayan danga Jatau ya daina tuƙa, ya ɗaga kai.

Gaskiya ɗaya ce, waƙar ta yi daɗi. Barmo ya ji muryar ubansa a ciki, kuma wannan ya ƙara ba shi haushi.

"Ka ga san nan?" ya ce. "Shi bai san budurwa ba. Murya ya sani, kuma taka da tawa ɗaya ce. Abin da ka yi ka riga ka yi. Amma rediyon nan kada ya taka bakin rijiya. Ka ji ni?"

"Haba Yaya, sa ne zai saurari kaset?"

"Ka ji ni?"

"Na ji."

Bai ji ba. Mai neman a yaba masa ba ya jin komai sai tafi.

Washegari ranar layin Barmo ce. Shanu talatin da biyu na gidaje biyar suna jira, kwana biyu rabonsu da ruwa, suna ture juna a bakin komi. Hantsi ya yi zafi. Barmo ya jawo wasaki goma sha ɗaya lafiya. Mata sun taru da tulunansu a ƙarƙashin aduwa suna jiran a gama da dabbobi, kuma inda mata suka taru nan Attahir ya nufa da rediyonsa. Barmo bai gan shi ba, idonsa na cikin rijiya. Ya dai ji dariya, ya ji wata tana cewa, "Sa mana ta ukun, wadda aka ce."

Jatau ya yi rabin hanya, igiya ta miƙe tsaf, wasaki cike yana tsakiyar rijiya. Sai kiran ya tashi daga ƙarƙashin aduwa.

"Kashe!" Barmo ya kwatsa. "Attahir, kashe!"

San ya yi abin da aka koya masa shekara bakwai. Ya tsaya, ya juyo. Da juyowarsa nauyin ruwan ya fizge shi ta gefe, ƙafar gaba ta lanƙwashe, ya faɗi. Igiya ta fara jan sa a kan rairayi zuwa bakin rijiya, yana kuka, kurar itace tana ƙara. Barmo bai tsaya tunani ba. Ya zaro wuƙa daga damtse ya sare igiyar. Ta shige da wasakin, sai can aka ji faɗuwarsu a ruwa.

Kaset bai daina ba. Attahir yana ta danna maɓallin da ba shi ba, murya tana ta roƙon budurwa ta komo, Jatau kuma yana ta ƙoƙarin tashi da ƙafa uku don ya amsa. Raishatu ce ta fizge rediyon ta zazzage batiran a ƙasa.

Barmo ya durƙusa ya shafa ƙafar. Ba karaya ba ce, gocewa ce, amma wata guda ba ja. Ya dubi shanu talatin da biyu, ya dubi komi da ya kusa ƙafewa, ya dubi ƙanensa.

"Yaya, wallahi ban zaci..."

"Ka taɓa zata? Sau biyu na gaya maka. Sa ya fi ka jin magana, shi ya sa yake kwance."

Da la'asar aka kai maganar gaban mai gari Mato, bayan an roƙi maƙwabta sun ja ruwa da raƙuminsu sun shayar da shanun. Attahir ya fara bayanin sol, da yadda Damagaram ta karɓi kaset ɗin. Mai gari ya bar shi ya gama.

"Ɗana, Damagaram famfo take sha," ya ce. "Barmo, me kake so?"

"Ranka ya daɗe, ruwa nake so. Gobe ma shanu za su zo."

Mai gari ya yanke. An hana kunna kaset ɗin a bakin kowace rijiya ta ƙasarsa. Attahir kuma ya tsaya a madadin Jatau. Aka ɗaura masa ƙaramin guga, igiya a kafaɗa, ya bi hanyar da san ke bi daga safe zuwa azahar, ba ya juyowa sai Barmo ya yi kira. Kwana talatin da huɗu ya ja.