Jan Fenti a Bakin Famfo

Shefali Mondal tana buga famfon tsakar gida, 'yarta Tuli ta tara kofi, sai ga Dakta Anindita ta jami'a ta shigo. Ko gaisuwa babu, ta fizge kofin ta watsar da ruwan.

Wata takwas ke nan da mutanen jami'a suka fara zuwa ƙauyen. Sun ɗebi ruwan kowane famfo a kwalba, sun yanke farcen yara, sun shafa wa bakin wasu famfuna kore, wasu ja. Na gidan Shefali ja ya samu. Bayani kuwa a ofishin majalisar ƙauye aka yi shi, da rana tsaka, lokacin da kowace mace ke gaban murhu. Mijinta yana can jihar Kerala mai nisa wajen aikin gini. Surukinta ne ya je, ya dawo da biskit biyu da takardar Turanci, ya ce sun ce za su dawo.

Surukarta ce ta fassara jan. Ai duk sabon famfo sai an shafa masa sindur, jan garin da matan aure ke sawa a tsagar gashi, don albarka. Ga masu ilimi tun daga Kolkata sun zaɓi nasu. Tsohuwa har furanni ta rataya masa. Maƙwabta uku suka bar koren famfonsu suka dawo nan ɗiba.

Yanzu Dakta take cewa ja alamar guba ce, wata guba daga ƙasa marar ɗanɗano marar wari, mai taruwa a jiki shekara da shekaru kafin ta fito baƙin tabo a tafin hannu. Ta ce an faɗa a taro, an kuma rubuta.

Shefali ta dubi Tuli. Shekararta uku. Da ruwan nan ake dafa mata shinkafa, da shi ake dama mata madara. Ranar da zazzaɓi ya kama ta, kofi-kofi ta riƙa ɗura mata shi da hannunta.

"Didi," in ji Shefali, wato Yaya da yarensu, "cikin waɗanda suka zauna taron nan, wa ya taɓa ɗaukar tulu? Kun san hanyar ɗakina da kuka zo neman farce. Da sakamako ya fito, sai hanyar ta ɓace muku?"

Dakta ta fara maganar ƙa'ida, wai sai ta hannun shugabanni ake isar da saƙo, kuma ja a ko'ina haɗari yake nufi. Shefali ta nuna jan da ke tsagar gashinta, ta tambaye ta ko ita ma haɗari ce.

Dakta ta dubi Tuli. Ta ce yau karo na biyu suka zo yankan farce, daga shi za a san yawan abin da ya shiga jikin yarinyar. Shefali tana son sanin wannan fiye da komai, amma ta janye Tuli bayan zanenta.

Ta ɗauko sifana, ta kwance hannun famfon, ta ɗora wa Dakta ƙarfen a kafaɗa.

"Jan famfo goma sha ɗaya ne a ƙauyen nan. Ki riƙe wannan mu bi su gida-gida, ki faɗa wa mata da bakinki. In mun gama, ki yanki farcen. Sakamakon kuma a hannuna nake so."

Ta saɓi Tuli, ta yi gaba. Dakta ta gyara ƙarfen, ta bi ta.