Ƙwayoyin da Manjo Illa Bai Ƙona Ba

Manjo Illa yana tsakiyar wanke wa wata tsohuwa gyambo da ruwan rawaya sai ya ji kukan raƙumi a ƙofar asibiti, da muryar mace tana faɗa kamar ta ari baki. Bai ɗaga kai ba sai da ya ɗaure bandeji. Shekara goma sha huɗu ke nan yana wannan aiki a ƙaramin asibitin nan na Tawa, tun da ya tuɓe kakin soja, har maganin ya rine masa yatsu, sabulu ya gaji ya bari. Shi ne babban ma'aikacin jinya, wanda a nan ake ce wa manjo, makullin ɗakin magani a wuyansa yake kwana, kuma duk faɗin Adar in an ce Manjo ba a tambayar wanne.

Da ya leƙa sai ya ga Kaltumi, matar amininsa Attaher na Afala, tana jan mijin da hannun riga. Attaher dogo ne, makiyayi, tare suka yi soja. Ya naɗe fuska da baƙin rawani, idanu kaɗai ake gani.

"Manjo, ga abokinka na kawo maka," in ji Kaltumi. "Wata guda ina hwama da shi, ya ƙi zakuwa. Yau sai da nic ce in bai hau raƙumi ba ni in tahi gidanmu."

"Ƙalau nike," in ji Attaher daga cikin rawani.

"Ƙalau? Buɗe hannunka shi gani!"

Ya buɗe. Tafin hannun rawaya ne shar, kamar wanda ya wuni yana rina fata. Illa ya dubi hannun, ya ɗaga kai ya dubi idanun abokinsa, farare tas kamar nono. Nan take gabansa ya faɗi, domin ya san wannan launi kamar yadda ya san yunwar cikinsa.

Kafin ya ce uffan Likita Almustafa ya fito. Saurayi ne, wata takwas da dawowarsa daga karatu a Dakar, ɗan ƙasa na farko da ya zauna a kujerar da Nasara suka bari. Yana da ilimi, yana da kirki, sai dai komai nasa da gudu yake yi. A makon nan ma wasiƙa ta zo masa daga wani abokin karatu, cewa zazzaɓin shawara yana ta ɗibar yara a Sanagal, tun daga ranar kuwa bai sake zama da kyau ba.

Aka shiga da Attaher ciki, aka sha daga kafin ya yarda ya sauke amawali. Shunin rawani ya haɗu da rawayar fata, fuskar ta koma wani irin kore-kore. Likita ya ja numfashi.

"Ya yi zazzaɓi?"

"Jikinai ya yi zahi kwana biyu, ya yi amai," in ji Kaltumi. "Saiwar rawaya nika jiƙa mai sahe da marece, don da ita aka korar shawara tun kakanni. Amma kullum sai ƙara rinewa shikai."

"Ban da wannan, Baba, ka sha wani magani?"

Attaher ya kafa wa bango ido. "Ban sha komi ba sai abin da tab ba ni."

Likita ya zauna ya rubuta 'yan layuka a takarda. Ya ce doka ba ta jiran tabbas, da an yi zaton shawara sai a buga wa Yamai waya. Kowa a ɗakin ya san abin da zai biyo baya. Jandarmomi za su datse hanyar Afala, ba shiga ba fita, a hana cin kasuwar Lahadi ta Tawa, ga shi kaka ce, mutane sun ɗaure damman gero, makiyaya sun gangaro da bisashe daga arewa. Kaltumi ta ɗora hannu a ka ta fita tana salati.

"Manjo," in ji likita, "yau Asabar, gidan waya na rufewa da sha biyu. Kai da kanka za ka kai, ba na son magana ta bazu."

Illa ya karɓi takardar, ya fita har gindin bishiyar bedin da ke tsakar asibiti, daga nan ƙafa ta ƙi gaba.

Abin da ya sani shi ne wannan. A Indoshin, can ƙasar ruwa da shinkafa inda Faransa ta kai su yaƙin da ba nasu ba, sauro ya fi harsashi kwantar da mutane. Kowace safiya sai a jera su, sajan ya bi layi da gwangwani, ya jefa wa kowa ƙwayar kinakirin a baki, 'yar rawaya mai ɗacin tsiya, ya tsaya sai ya ga maƙogwaro ya motsa. Bayan wata guda duk bataliya ta rine. Nasara suka koma kamar kabewa, baƙaƙe kuwa sai a tafin hannu da na ƙafa. Suna yi wa juna dariya, Attaher yana cewa in ya koma gida haka raƙumansa ba za su gane shi ba. Su bakwai ne 'yan Adar a rukuninsu, suna dafa shayi a kwanon soja, suna ba juna labarin rijiyoyin gida har kowa ya yi shiru. Yanzu saura su biyu. Illa yana kewar waɗannan kwanaki, ko da yake ya san ba kwanakin daɗi ba ne, kuma yana jin kunyar kewar.

Da sabon likita ya zo, ya tarar da gwangwani uku na kinakirin a ƙasan kantar magani, ragowar zamanin Nasara. Ya ce yanzu nibakin ake ba masu zazzaɓi, waɗannan sun kwana biyu, a ƙona su. Illa ya ce to. Ya haƙa rami a bayan asibiti, ya hura wuta, ya buɗe gwangwani na farko, ƙamshin ƙarfe da ɗaci ya bugi hancinsa, sai ya kasa. Ya ƙona tsumma da tsofaffin kwalaye, ya sa hannu a takarda cewa ya ƙona magani, gwangwanayen kuwa suka kwana ƙarƙashin gadonsa. Da damina ta faɗi Attaher ya zo gaisuwa yana kukan sauro, Illa ya cika masa zabira, don ya sha in zazzaɓi ya kama shi.

Ya juya ya koma ɗakin da aka kwantar da abokin nasa, ya ja ƙofa.

"Nawa kash sha?"

"Guda kullum, da hantsi, a tsaye. Awa can."

"Kai Attaher! Na ce in zazzaɓi ya kama ka!"

"Sajan bai taɓa jiran zazzaɓi ba." Ya yi murmushi, sa'annan ya rage murya. "In na sa ta a baki, Illa, sai in ji kamar su Alƙasum, abokanmu da sunka rasu, na tsaye kusa gare ni cikin layi. Shi ya sa ban bari ba."

Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma Illa bai ga bakin da zai faɗa masa haka ba, shi da ke kwana a kan gwangwani uku.

"Tahi ka buga wayarka," in ji Attaher. "Ni bakina ba shi buɗuwa. Hanya in an ruhe ta ana buɗe ta. Kai in sunka amshe makullin ga ba su maido ma shi."

Gaskiya ya faɗa. Wanda ya sa hannu a takardar ƙarya ba ya sake riƙe ɗakin magani, kuma Illa ba shi da gona, ba shi da garke, farar rigar nan ita ce duk abin da ya zama a duniya. Ya tsaya yana juya takardar. Ta taga yana jiyo Kaltumi tana roƙon wani mai jaki ya kai saƙo Afala, a gaya wa 'yan'uwa su zo su yi bankwana. Bayanta kuma, a kan hanya, ayarin jakuna ne ke shigowa gari da kayan kasuwar gobe.

Sha biyu saura kwata ya shiga ofishin likita ya ajiye takardar a tebur.

"Har ka dawo?"

"Ban tahi ba. Likita, wanga ba shawara ba ta. Ka duba idonai da kyau. Shawara daga ido taka hwarawa, shi ko nashi hwari tas. Kinakirin ta. Wata biyu shina shan ta kullum, ni nib ba shi."

"Wace kinakirin? Ba ka ƙona ta ba?"

"Ban ƙona ba."

Likita ya miƙe zumbur, ya buɗe kabad ya ɗauko fitilar nan mai shuɗin haske da suke duba cutar makero da ita a kan yara, ya ce a tayar da injin wuta. Suka rufe tagogin ɗakin Attaher, suka toshe kafofin da bargo, rana tsaka ɗaki ya yi duhu. Da hasken ya sauka a hannun Attaher sai faratansa goma suka kama walƙiya, rawaya-kore, kamar ƙwaron nan mai wuta na damina.

"La'ilaha illallahu," in ji Attaher. "Mi kunka yi min?"

Likita ya fashe da dariya, dariyar mutumin da aka sauke wa kaya. Ya duba idanun, ya danna ciki wajen hanta, ya sake dubawa. Da aka buɗe tagogi ya juya bayan takardar wayar ya zana zobe uku manne da juna a jere.

"Ka ga wannan, Manjo? Sunansa akiridin. Daga kwaltar gawayi aka fara fitar da shi, masu rini suka fara amfani da shi kafin likitoci. Ruwan rawayar da kake wanke gyambo da shi, da ƙwayar nan, duk 'yan gida ɗaya ne, abin da aka rataya a gefen zoben ne ya bambanta. A Dakar akwai wani ɗan'uwansu da muke ɗiga wa ƙwayoyin cuta, su yi haske a ƙarƙashin madubin likita. Siririn abu ne shimfiɗaɗɗe, masu bincike sun ce kutsawa yake cikin zaren halittar ƙwayar cuta ya hana ta haihuwa. Na rubuta jarrabawa a kansa, na ci." Ya ajiye alƙalami. "Amma ban taɓa ganin mutumin da ya rina ba. Da na rufe gari guda a kan rini."

"Mu mun gani, bataliya guda," in ji Illa.

Aka kira Kaltumi aka gaya mata mijinta ba mutuwa zai yi ba, in ya bar ƙwayar launin zai sake shi a hankali, ita ma ta bar jiƙon saiwa haka, cikinsa ya huta. Ta yi hamdala sau uku, sa'annan ta juya kan Attaher, abin da ta gaya masa kuwa ba na rubutawa ba ne. Shi dai ya ja amawali ya rufe har hanci, ya ciro zabirar daga ƙirji ya miƙa.

Da suka koma ofis dariyar likita ta riga ta ƙare. Ya yayyaga takardar wayar, ya zauna yana murza goshi.

"Me ya sa ba ka ƙona ba, Manjo?"

"Ta yi muna rana, Likita. Na buɗe gwangwanin, na ga kamar mutane za ni zubawa wuta."

"Da ya zarce wata shida yana sha fa? Tana taɓa fata, wani ma tana taɓa masa hankali. Kuma takardar da ka sa wa hannu tana Yamai, da sa hannuna a ƙarƙashin naka." Muryarsa ta yi rauni. "Ba zan iya yin kamar ban ji ba. Zan rubuta duka, har da abin da ka yi yau. Amma kafin amsa ta zo..."

Illa bai bari ya ƙarasa ba, don ya ga yaron yana jin nauyi. Ya cire igiyar daga wuya ya ajiye makullin a tebur. Ya tuɓe farar rigar ya ninke ta yadda ake ninke kaki, ya ce gobe da safe zai aiko da gwangwanayen. Su biyun sun san irin amsar da Yamai ke bayarwa ga mai shekara hamsin da biyar: sallama daga aiki. Zuciyarsa ta yi masa zafi ƙwarai, wuyansa kuma ya ji shi wani iri, sakayau.

Da la'asar ya bi ta filin kasuwa zai tafi gida. Ana ta kafa rumfuna, ana sauke buhunan gero, 'yan Afala da na ƙauyen Bambai sun durƙusar da raƙuma suna gardamar wurin zama, mahauta suna wasa wuƙa. Babu wanda ya san kasuwar ta kusa kwana a rufe. Wata mai tallar fura ta hango shi ta ɗaga murya.

"Manjo! Ƙahwar ɗiyata ta kumbura, in kawo ma ita Litinin?"

Illa ya tsaya. Ya buɗe baki zai ce to, kamar yadda ya saba shekara goma sha huɗu.

"Kai ta wajen likita," ya ce. "Ki tahi da wuri, shi ba shi son jira."